Kyautar Wayman Tisdale: gwarzon 'yan aji ɗaya ake ba, ko wanda ya fi shiga talabijin?

Ɗan Samaru: Salamu alaikum 'yan uwa masu raya dare saboda ƙwallon kwando. Ina da magana amma don Allah Abba Duke kada ka taso min da faɗa tun ban gama ba. Kyautar nan da ake ba gwarzon ɗan shekarar farko a ƙwallon kwandon jami'o'in Amurka, wato Wayman Tisdale, jiya na zauna na ƙirga, zuwa 2025 'yan jami'ar Duke kaɗai sun ɗauke ta sau 6. Luol Deng 2004, Jabari Parker 2014, Jahlil Okafor 2015, Zion Williamson 2019, Vernon Carey 2020, ga Cooper Flagg 2025. A Division I, wato babban rukunin wasannin jami'o'i, akwai jami'o'i sama da 350 fa. Shin wai duk sauran ba sa ɗaukar yara masu ƙwallo ne, ko kuwa dai rigar ce ake ba kyautar ba yaron ba?

Abba Duke: Wa'alaikumus salam. Ka ce kada in yi faɗa sannan ka kira sunana a layin farko 😂 Toh ni tambaya ɗaya zan maka, a cikin shidan nan wa za ka cire? Faɗi sunansa muji

Ɗan Samaru: Vernon Carey. Ko tunani ban yi ba.

Ƙaramin Alhaji: Afuwan manya, ni sabon shiga ne, NBA kawai nake ɗan leƙawa. Wane ne Wayman Tisdale ɗin kuma su waye ke bayar da kyautar? Kar in yi ta bin ku da ido

Baba Koci: Ƙanina tambayarka ta yi kyau, da yawa masu musun nan ma ba su sani ba. Ƙungiyar marubuta labarin ƙwallon kwando ta Amurka, USBWA, ita ke zaɓe, wato 'yan jarida ne ke jefa ƙuri'a ba kociyoyi ba. Sun fara bayarwa a 1989, sai daga baya aka laƙaba mata sunan Tisdale bayan ya mutu a 2009, ciwon daji ne, yana da shekara 44, har sai da aka yanke masa ƙafa kafin nan. Shi ɗan wasan Oklahoma ne, ya shiga a 1982, kuma a shekararsa ta farko yana zuba sama da maki 24 duk wasa, har aka sa shi cikin biyar mafi ƙwarewa na ƙasar gaba ɗaya yana ɗan aji ɗaya, abin da ba a saba gani ba a lokacin. Ya ci zinare a Olamfik na 1984, ya buga NBA shekara 12, da ya ajiye ƙwallo kuma ya koma kiɗan jaz da gita. Mu da muka fara ƙwallo a Zariya a waɗancan shekarun sai dai a mujalla muke ganin irinsu, mujallar ma ta yi wata shida da fitowa kafin ta zo hannunka, ta sha yawo har bangon ya cire.

Ƙaramin Alhaji: Na gode Baba. Wato dai jambito ake ba 😂

Baba Koci: Jambito sak. Sai dai jambitonsu wani ya fi ƙofar ɗakinka tsawo.

Hajjo Mai Lissafi: Ɗan Samaru bari in ɗan taya ka sannan in ɗan ƙi ka. A kan Carey, shekarar 2020 ce da korona ta sa aka soke gasar Maris, wato gasar kofin ƙasa ta hukumar wasannin jami'o'i NCAA, gaba ɗaya, babu wanda ya samu damar nuna kansa a babban fili. Mutane yanzu suna cewa ai Anthony Edwards ya kamata a ba, saboda sun ga abin da ya zama a Minnesota. Amma wanda ya kalli Georgia a waccan kakar ya san ƙungiyar ba ta taɓuka komai ba, shi kuma yana jefa ƙwallo da yawa tana baraswa da yawa. Carey a ƙarƙashin kwando babu mai iya tare shi a lokacin. Da aka zo zaɓen sababbin 'yan wasa na NBA, wato diraf, Edwards ya fita na 1, Carey sai zagaye na biyu, na 32. Toh amma wannan ai wata tambayar ce daban, NBA na sayen abin da yaro zai zama ne, su kuma 'yan jarida an tambaye su abin da ya yi daga Nuwamba zuwa Maris.

Ɗan Samaru: Hajjo ai nan ne matsalar tawa take. In da gaske abin da ya yi suke dubawa, me ya sa Ben Simmons ya ci a 2016? Makarantarsa LSU ko shiga gasar NCAA ba su yi ba fa. Ƙungiya 68 aka ɗauka a shekarar, yaron da aka ce shi ne gwarzo bai iya shigar da su cikin 68 ba. In an zo kan Edwards a ce ƙungiyarsa ba ta ci ba, in an zo kan Simmons a ce ai lambobinsa ne. Ma'auni biyu kenan, mudun saye daban na sayarwa daban

Hajjo Mai Lissafi: Wannan kam ka kama su. Simmons yana da maki 19 da ribawun (cafke ƙwallon da aka jefa ta ƙi shiga kwando) kusan 12 duk wasa, lambobin sun yi kyau ba ƙarya, amma tun kafin ya taka filin jami'a an riga an yi hasashen shi ne zai fita na 1 a diraf, kuma hakan na tasiri ko an ƙi ko an so.

Abba Duke: Yauwa, toh Simmons ɗan Duke ne? Kun ga ashe ba rigar Duke ba ce. Ku dai ku ce hasada kawai

Ɗan Samaru: Kai Abba ba a maganar hankali da kai wlh. Na ce riga ina nufin manyan makarantu da ake haskawa kullum, Duke, Kentucky, North Carolina, su Texas. Duke ce dai babbar mai laifi. Ga misali ɗaya da ke min ciwo har yau. Kakar 2006/07 Stephen Curry yana aji ɗaya a Davidson, wata 'yar ƙaramar makaranta a North Carolina, yana cin maki 21.5 duk wasa, a duk 'yan aji ɗaya na ƙasar Kevin Durant ne kaɗai ya fi shi. Wa ya san da shi a lokacin? Sai gwarzon 'yan aji ɗaya na ƙaramin rukuninsu ya samu. Yau ga shi da kofin NBA 4 da MVP, wato gwarzon ɗan wasan NBA na shekara, sau 2.

Na Houston: Haba malam, wannan misalin ai kanka ya sara. Shekarar Durant ce fa. Durant a Texas maki 25.8 da ribawun 11.1, shi ne ɗan aji ɗaya na farko a tarihi da ya ci gwarzon ɗan wasan ƙasa gaba ɗaya, ba na jambitoci kawai ba, har da 'yan shekarar ƙarshe ya doke. Ko da Curry a Duke yake ba zai karɓe ta daga hannun Durant ba. Ni a nan Texas nake zaune, har yau in ka je Austin lambarsa 35 tana rataye, ba mai sake sa ta, alhali shekara ɗaya tak ya yi kuma a zagaye na biyu aka kore su.

Ɗan Samaru: Ban ce a ƙwace wa Durant ba oga. Cewa na yi ko sunan Curry ba a kawo a zancen ba

Na Houston: Wannan gaskiya ne. Amma ka duba su wa yake bugawa da su. Maki 21 a kan ƙananan makarantu da maki 25 a kan Kansas da Texas A&M ba ɗaya ba ne. Sai a shekararsa ta biyu, 2008, da ya kai Davidson har zagayen 'yan takwas sannan kowa ya yarda.

Baba Koci: Ku yara kuna musu a kan wa aka ba wa aka hana, ba ku san akwai lokacin da ɗan aji ɗaya ko buga wa babbar ƙungiyar makaranta ba a yarda ya yi ba. Sai a kakar 1972/73 NCAA ta buɗe musu ƙofa. Kafin nan duk iyawarka sai ka yi shekara guda a ƙungiyar sababbi, wai ka saba da karatu tukuna. Shi ya sa labarin nan na Lew Alcindor, wanda ya zama Kareem Abdul-Jabbar, yake ba ni dariya kullum. A 1965 ya shiga UCLA, babbar ƙungiyar makarantar ta ci kofin ƙasa sau biyu a jere, aka haɗa wasan sada zumunta tsakaninsu da sababbin ɗalibai, sababbin suka lallasa su 75 da 60, shi kaɗai ya ci 31. Ka ga zakarun Amurka kenan amma a cikin makarantarsu su ne na biyu. Da akwai wannan kyautar a lokacin ai ko ƙuri'a ba sai an jefa ba, amma ina, duk shekarar bai buga wasan gasa ko ɗaya da manya ba. Da ya hau kuma ya kawo kofi uku a jere, 1967, 68, 69.

Ƙaramin Alhaji: Tabɗijam. Toh Baba ina LeBron da Kobe, ban ji an ambace su ba, ko su ba su ci ba?

Hajjo Mai Lissafi: Ba su yi jami'a ba sam ƙanina. Daga sakandare suka wuce NBA kai tsaye, Garnett 1995, Kobe 1996, LeBron 2003. Daga diraf na 2006 NBA ta kafa doka sai yaro ya cika shekara 19 a shekarar zaɓen kuma ya yi shekara ɗaya da gama sakandare. Wannan dokar ce ta canza kyautar nan kwata-kwata. Yaran da da can za su wuce kai tsaye yanzu dole su ɗan raɓa a jami'a na wata bakwai takwas su tafi, shi ne Durant, Beasley, Rose, John Wall, Anthony Davis duk suka biyo layi. Da babu dokar da yawancinsu ko ƙofar aji ba za su gani ba.

Ɗan Samaru: Shi ya sa nake cewa kyautar ta zama kamar tashar mota, kowa jiran motarsa yake. Ka ba yaro lambar yabo a Maris ko Afrilu, kafin watan Yuni ya tattara kayansa

Abba Duke: Ba duka ba dai. Kuma abin haushi sai na yabi ɗan North Carolina 😭 Tyler Hansbrough ya ci a 2006 ya zauna shekara huɗu cur har ya ɗauki kofi a 2009. Jared Sullinger na Ohio State 2011 ya dawo shekara ta biyu, Marcus Smart na Oklahoma State 2013 shi ma ya dawo.

Ɗan Samaru: Uku ka iya kawowa a shekara ashirin, na gode da ka taya ni hujja

Mai Shayin Layi: Ni fa duk wannan lissafin naku bai dame ni ba. A wajena ɗan aji ɗaya da ya fi kowa shi ne wanda ya ɗauko kofi, shi kenan. Carmelo Anthony, wato Melo, 2003, Syracuse ba su taɓa cin kofin NCAA ba sai da yaron nan ya zo, maki 22 da ribawun 10 duk wasa, ya doke Kansas a fainal 81 da 78, aka ba shi gwarzon gasar, ya yi sallama. Har yau kuma ba su sake ci ba. Wannan shi ne aiki, ba ka ci maki 40 a watan Janairu a kore ka ranar farko a Maris ba

Hajjo Mai Lissafi: In kofi ne ma'auni to Anthony Davis ya fi shi a wajena, kuma dalilina zai ba ku mamaki. A fainal ɗin 2012, shi ma da Kansas, Davis ya jefa ƙwallo sau 10 ɗaya ce tak ta shiga, maki 6 ya tashi da su. Amma ribawun 16, ya tare ƙwallo 6, ya ba da 5 aka ci, kuma shi aka ba gwarzon gasar babu wanda ya yi ƙorafi. Duk kakar maki 14 kawai yake ci amma ya tare ƙwallo 186, babu ɗan aji ɗaya da ya taɓa yin haka. Na sake kallon wasan a YouTube kwanaki, abin da lamba ba ta nunawa shi ne yadda 'yan Kansas ke shigowa da gudu su ɗaga kai su gan shi su fasa, su juya su mayar da ƙwallon waje. Wannan fasawar ba a rubuta ta a takarda. Shi ya sa nake ganin a shekarar nan kam 'yan jaridar sun kalli wasa ba takarda ba.

Mai Shayin Layi: Davis na da mataimaka Hajjo, Kentucky ɗin nan cike take da 'yan NBA, Kidd-Gilchrist ma shi ya fita na 2 a bayansa. Melo shi ya ɗauki kayan a ka

Na Houston: Toh ai in kun bi ta kofi sai ku zalunci Trae Young. 2018 a Oklahoma, maki 27.4 da taimako 8.7, shi ya fi kowa a ƙasar a duka biyun, ba a taɓa samun wanda ya haɗa su a kaka ɗaya ba. Amma wasan farko na gasar Maris aka sallame su. Laifinsa ne abokan wasansa ba su kai ba? Mutum biyar ke cikin fili fa

Mai Shayin Layi: Daga Janairu ai ya huce kamar shayin da aka manta a kan tebur, kociyoyi sun gano shi suka dinga sa masa mutum biyu

Na Houston: Sa masa mutum biyun ai shi ne shaidar 😂

Ɗan Samaru: Bari in dawo da ku kan hanya don ni ban gama ba. Ku dubi jerin nan ku gaya min ko kyautar na hango gaba. 2008 Michael Beasley ya ci, Derrick Rose na Memphis bai ci ba, Rose ya zama MVP a 2011. 2014 Jabari Parker ya ci, Joel Embiid ɗan Kamaru yana Kansas bai ci ba, ya zama MVP 2023. 2017 Lonzo Ball ya ci, ga Jayson Tatum ga De'Aaron Fox ga Bam Adebayo duk 'yan aji ɗaya, Fox ma sai da ya zuba wa Lonzo maki 39 a gasar Maris ya kore UCLA. 2018 Shai Gilgeous-Alexander na Kentucky ko kusa bai zo ba, a 2025 shi ne MVP ga kofi. Sai ka ga kamar in kana so yaro ya yi nisa ka roƙa masa kada ya ci

Hajjo Mai Lissafi: Ka tsallake Durant da Davis da Melo da Jason Kidd da Chris Webber da gangan ko? 😏 Kuma ka sake komawa inda muka baro. Beasley a Kansas State maki 26.2 da ribawun 12.4, ribawun ɗin ma shi ya fi kowa a ƙasar. Ba a yi kuskure ba da aka ba shi, abin da ya faru da shi a NBA labari ne daban. Embiid kuwa bai fi shekara uku da fara taɓa ƙwallon kwando ba lokacin, a sansanin horon Luc Mbah a Moute aka gano shi a Kamaru, maki 11 yake ci, sannan ciwon baya ya hana shi buga gasar Maris ɗin ma. Da an ba shi a 2014 da kai ne na farkon cewa an yi son kai. Parker kuma gwiwa ce ta ci amanarsa, sau biyu jijiyar gwiwa ɗaya tana tsinkewa a Milwaukee, ba wai bai iya ba ne. Wanda ya zo na ɗaya a aji ɗaya ba lallai shi zai fita da sakamako mafi kyau a ƙarshe ba, duk mun gani a makarantunmu, amma ba a zuwa a karɓe masa kyautar aji ɗayan.

Baba Koci: Hajjo ta faɗi abin da nake gaya wa iyaye kullum. Yaron da ya riga 'yan uwansa girman jiki shi ke cin kyautar ƙananan shekaru. Okafor kenan a 2015, ƙato ne mai hannu kamar faranti, a jami'a in ya juya maka baya a ƙarƙashin kwando sai dai ka yi addu'a, ya ci kofi da Duke, Philadelphia ta ɗauke shi na 3. Amma ya shigo NBA daidai lokacin da wasan ya koma jifa daga nesa da gudu, ana neman dogon da zai iya fita waje ya tsare gajere, shi kuma ba ƙafar. Da a 1995 ya zo da wani zancen ake. Duk da haka ni ina ganin mutuncinsa, ya sa rigar D'Tigers ta Najeriya a Olamfik na Tokyo, asalin babansa Ibo ne.

Ƙaramin Alhaji: Ashe har da namu a ciki. Akwai wanda aka haifa a Najeriya da ya ci?

Na Houston: Okafor a Amurka aka haife shi. Wanda aka haifa a Afirka ya ci shi ne Luol Deng, a Wau ta Sudan ta Kudu, ya taso a Masar da Landan. Na gida da ya fi matsowa kusa a 'yan shekarun nan Precious Achiuwa ne, haifaffen Fatakwal, a Memphis 2020 ya haɗa gwarzon 'yan aji ɗaya da gwarzon ɗan wasa gaba ɗaya na rukuninsu na AAC, amma ba ta ƙasa ba. Shi kuwa Hakeem da muke taƙama da shi a garin nan, da ya zo daga Legas a 1980 shekarar farko bai buga ba, ta biyu ma daga benci yake tasowa. Da kyautar jambito ake auna mutum da babu wanda zai san Olajuwon

Ɗan Samaru: Yauwa na gode, ka dawo layina

Na Houston: Ban dawo ba, gaskiya kawai na faɗa 😂

Baba Koci: Tunda ana lissafin waɗanda suka ci, kar ku manta da na farkon, Chris Jackson na LSU a 1989. Maki 30.2 duk wasa yana aji ɗaya, har yau babu jambiton da ya kamo wannan, ba Durant ba ba Trae ba. Ɗan siriri ne gajere a ma'auninsu, ga shi yana fama da lalurar Tourette mai sa jiki fizga ba da son mutum ba. Shi ne ya musulunta daga baya ya koma Mahmoud Abdul-Rauf, wanda NBA ta dakatar a 1996 yana Denver saboda ya ƙi tsayawa lokacin taken Amurka. Yara na yanzu in sun ga bidiyonsa cewa suke wannan ai Curry ne kafin Curry.

Mai Shayin Layi: Allahu Akbar, ban san shi ne na farko ba

Abba Duke: Toh duk kun zagaya kun zagaya ba wanda ya taɓa Flagg, don kun san babu abin cewa. Yaron da ya kamata a ce yana ajin ƙarshe na sakandare, ya tsallake shekara ya shigo Duke yana ɗan 17, sai a Disamba ya cika 18. Shi ya fi kowa a ƙungiyar maki, ribawun, taimako, ƙwace ƙwallo da tarewa, duka biyar. Ya zuba wa Notre Dame 42. Ya zama ɗan aji ɗaya na huɗu da ya ci gwarzon ƙasa bayan Durant, Davis da Zion. Dallas ta ɗauke shi na 1. Ɗan Samaru bismillah cire shi muji

Ɗan Samaru: Flagg ban da ja a kansa, kuma ban da ja a kan Zion, wanda takalmi ma ya kasa ɗaukarsa ya fashe a wasan North Carolina 😂 Amma ka tuna mana yadda aka ƙare wasan kusa da na ƙarshe na 2025 a San Antonio mana

Na Houston: Bari ni in tuna masa tunda ƙungiyar garinmu ce ta kore su. Duke na gaba da maki 14 saura minti takwas da 'yan kai, Houston ta ci 70 da 67. Flagg ya ci 27 ba laifinsa ba ne, amma ƙwallon ƙarshe da ya jefa a bakin ƙarfe ta tsaya, wanda ya tsare shi kuma ya ba shi shekara biyar ko fi. Sai dai mu ma kwana biyu muka yi muna murna Florida ta karɓe kofin 65 da 63, don haka ba zan cika baki ba

Abba Duke: Ranar ban yi barci ba wlh, an gama wasa ana kiran assalatu na kashe waya har azahar

Hajjo Mai Lissafi: Abin da Na Houston ya taɓo shi ne sabon abu a zancen nan. Tun Yulin 2021 da aka halatta wa 'yan wasan jami'a karɓar kuɗin talla da sunansu, ga kuma sauƙin canza makaranta, manyan 'yan wasa ba sa gaggawar tafiya, wanda ba shi da tabbas a NBA gara ya zauna ya ci kuɗinsa a jami'a. Sai fili ya cika da 'yan 22, 23, 24, ɗan 18 yana karo da magidanta. Ni a ganina wanda ya ci kyautar jambito yanzu ya fi wanda ya ci a 2010 shan wuya.

Mai Shayin Layi: Wannan na gani da idona. Azumin 2024, wasan Kentucky da Oakland, bayan sha biyun dare aka fara, mu huɗu muka kewaye waya ɗaya a kan bencin shagona an jingina ta da gwangwanin madara, muna cewa mu kalli Reed Sheppard gwarzon jambitocin shekarar kafin sahur, yaron da daga benci yake tasowa amma fiye da rabin jifansa na maki uku shiga suke. Sai ga wani Jack Gohlke ɗan shekara 24 da ya taso daga Division II, kai ka ce malamin lissafi ne, gashin gaba har ya fara ja baya, ya jefa maki uku uku har guda 10, maki 32. Sheppard maki 3 ya tashi da su. Oakland 80 Kentucky 76. Data ta ƙare mana saura minti biyu sai da wani ya ruga gida ya ɗauko wayar matarsa, indomin da na ɗora ta ƙone ƙurmus

Ɗan Samaru: 😂😂 kuma duk da haka Houston Rockets na 3 suka ɗauki Sheppard, shi Gohlke ko kiran sunansa ba a yi ba a diraf

Mai Shayin Layi: Shi ya sa na ce ku bar ni da Melo

Ƙaramin Alhaji: Toh yanzu a taƙaice wa ya fi a cikinsu duka? Ina so in san wanda zan fara nema a YouTube

Abba Duke: Zion. Kashi 68 cikin 100 na jifansa shiga suke, ka je ka gani da idonka

Na Houston: Durant

Mai Shayin Layi: An riga an san nawa

Hajjo Mai Lissafi: Davis, amma kar ka kalli gajerun bidiyon dank, nemi cikakken fainal ɗin 2012 ka zuba wa hannayensa ido in Kansas na da ƙwallo.

Ɗan Samaru: Ni dai har yanzu ba wanda ya ba ni amsar Simmons. Kuma Abba ka lura Carey ɗin da na cire Hajjo ce ta kare shi ba kai ba

Abba Duke: Ai na ga lauya ta fi ni iyawa shi ya sa na yi shiru. Baba Koci kai ba ka zaɓa ba

Baba Koci: Chris Jackson. Ƙaramin Alhaji ka nemi wasansa da Florida na Disambar 1988, maki 53, wasansa na biyar kenan a jami'a. Hoton ya ɗan dushe amma za ka gane shi, shi ne ƙaramin cikinsu mai lamba 35. Ni zan sauka, ƙarfe shida ina da yara a fili kuma rabinsu ba su iya jifa da hagu ba har yanzu.